Waiwaye: Wa Ya Kamata Ya Fara Ɗaukar Sanda a Dodgers?

Duk ranar da ƙungiyar besbol ta Los Angeles Dodgers da ke Amurka ke da wasa, sa'o'i kaɗan kafin a shiga fili, koci Dave Roberts yakan fitar da takarda mai sunaye tara. Jerin masu bugu ke nan, daga na ɗaya har na tara. Da zarar ta fito sai musu ya kaure tsakanin magoya baya: me ya sa wane ya hau sama, me ya sa aka mayar da wane ƙasa, wa ya ce a ajiye wane a benci. Wanda bai saba da besbol ba zai iya cewa ai duk ɗaya ne, tunda kowa zai samu nasa bugun. Ba ɗaya ba ne. A ƙwallon ƙafa kana iya tura wa gwaninka ƙwallo duk lokacin da ka ga dama, amma a nan layi ake bi. Ko da wasa ya kai maƙura, idan layi ya zo kan na takwas, na takwas ne zai fito, gwani kuwa sai dai ya zuba ido daga benci.

Shi ya sa tambayar wa zai fara bugu ta daɗe tana raba kan mutane, kuma amsar da Dodgers suka ba ta ta sauya sau da yawa tun da suka baro Brooklyn suka koma Los Angeles a 1958.

A shekarun 1960 amsar ita ce Maury Wills. Mutum ne maras ƙiba, mai gudun tsiya, wanda a duk tsawon shekarunsa na wasa sau 20 kacal ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, wato hom-ron. Aikinsa ya lallaɓa ya isa tasha ta farko, cikin ukun da ake zagayawa kafin a dawo gida a ci maki, ko ta wace hanya, daga nan ya saci ta biyu tun kafin mai jifa ya farga. A 1962 ya saci tasha sau 104, ya shafe tarihin 96 da Ty Cobb ya kafa tun 1915, aka kuma zaɓe shi gwarzon shekara a National League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na gasar. Jim Gilliam da ke bin bayansa yakan haƙura da nasa bugun don kawai Wills ya matsa gaba. Maki ɗaya ko biyu ake nema, sauran aikin na Sandy Koufax ne da Don Drysdale, masu jifan da ba su cika barin kowa ya taɓa ƙwallo ba.

Wasan 9 ga Satumban 1965 ya ishe mu misali. Koufax ya fitar da 'yan Chicago Cubs 27 a jere, ba wanda ya taka tasha ta farko. Dodgers sun ci 1-0, kuma bugu mai kyau ɗaya tak suka yi a duk wasan, shi ma ba shi ne ya kawo makin ba. Lou Johnson ne aka bari ya wuce tasha ta farko saboda jifa huɗu sun kauce, aka tura shi ta biyu, ya saci ta uku, mai tare ƙwallo ya yi jifan da ya wuce kan abokinsa, shi kuwa ya ƙarasa gida. A wannan shekarar ƙungiyar gaba ɗaya hom-ron 78 ta buga, kuma 7 daga ciki na Drysdale ne, mai jifa. Duk da haka suka ɗauki kofin World Series, wato karawar ƙarshe ta gasar, a hannun Minnesota Twins. Shekara ta zagayo, Baltimore Orioles suka tona asirin wannan salo: wasa huɗu a jere suka lallasa su, maki 2 kacal Dodgers suka samu a duk karawar.

Ƙarancin maki ba matsalar Dodgers kaɗai ba ce. A 1968 masu jifa sun danne wasan har 'yan kallo suka fara gundura, sai aka rage tsawon tudun da mai jifa ke tsayawa a kai daga inci 15 zuwa 10. A 1973 American League ta ƙara da wata doka: a cire mai jifa daga jerin masu bugu, a sa wani a madadinsa wanda bugu kawai zai yi, ba ya tsaron fili. Ron Blomberg na New York Yankees ne ya fara riƙe wannan gurbi, ranar 6 ga Afrilu na shekarar. National League, inda Dodgers suke, ta ce atafau ba za ta bi ba. Kusan shekara hamsin aka yi a haka, ɓangarori biyu na gasa ɗaya da doka iri biyu. Abin da wannan ke nufi ga Dodgers shi ne gurbi na tara kusan kullum asara ne, sai dai idan an dace da irin Fernando Valenzuela, wanda ya iya riƙe sanda. Kuma tunda mai jifa ne ke gaban na ɗaya idan layi ya zagayo, babu hikima a sa mai ƙarfin bugu a farko, don zai riƙa tarar da tashoshi wayam. Masu ƙarfi sai a na uku, na huɗu, na biyar. Haka Tommy Lasorda ya tsara tasa ƙungiyar a 1977: Davey Lopes mai gudu a gaba, sannan Reggie Smith, Ron Cey, Steve Garvey da Dusty Baker a tsakiya, kuma a wannan shekarar huɗun nan kowannensu ya kai hom-ron 30.

Bayan kofin 1988 sai aka shiga dogon fari na shekara 32. Ba sai mun tsaya a kansa ba.

Sauyi ya zo ne da masu lissafi. A ƙarshen 2014 aka ɗauko Andrew Friedman daga Tampa Bay Rays ya jagoranci harkar zaɓen 'yan wasa, Roberts kuma ya karɓi koci a 2016. Lissafin nasu ba mai wuyar ganewa ba ne. Wasa 162 ake yi a kaka. Kowane wasa a kan wani yake ƙarewa a cikin jerin, don haka kowane gurbi ya fi wanda ke ƙarƙashinsa samun damar bugu da kusan sau 18 a shekara. Tsakanin na ɗaya da na huɗu ana maganar sama da bugu 50. To don me za ka ba wanda gudu kawai ya iya wannan rarar, ka hana wanda ya fi kowa iya bugu?

Wannan ɓangaren na lissafin na yarda da shi. Wanda ban taɓa yarda da shi ba shi ne yadda suka mayar da jerin abin sauyawa kullum gwargwadon hannun da mai jifan abokan hamayya ke amfani da shi. Gaskiya ne bahago ya fi jin daɗin bugun ƙwallon da aka jefo da dama, amma a World Series na 2018 an wuce gona da iri. Boston Red Sox suka fito da bahagwai, Chris Sale da David Price, a wasanni biyu na farko, sai aka wayi gari Max Muncy da Cody Bellinger da Joc Pederson duk suna benci, alhali su ne suka ɗauki nauyin hom-ron na ƙungiyar a kakar. An sha kashi a duka biyun, aka kuma rasa kofin a wasa biyar. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi musu wannan aika-aika shi ne Mookie Betts, mai fara bugu a Boston. A Fabrairun 2020 Dodgers suka ɗauko shi, suka ba shi kwantiragin shekara 12 kan dala miliyan 365, kuma a wannan gajeriyar kaka ta annobar korona suka ci kofi. Freddie Freeman ya biyo baya a 2022. Daga nan saman jerin ya daina rawa: waɗannan biyun ba ruwansu da hannun da aka jefo musu.

Sai dai dogaro da mutum biyu ma yana da nasa haɗarin. A 2022 sun ci wasa 111, San Diego Padres suka yi waje da su a matakin farko da suka buga. A 2023 sun ci 100, Arizona Diamondbacks suka share su a wasa uku, inda Betts da Freeman a haɗe suka yi bugu mai kyau ɗaya cikin 21.

Ana cikin haka National League ta sauko daga kan bakanta. Ta gwada dokar mai bugu zalla a 2020, ta karɓe ta dindindin a 2022. Ba don wannan ba, da wuya a ga Shohei Ohtani cikin rigar Dodgers. A 2017, lokacin da ya baro Japan, Dodgers na cikin waɗanda suka nema, amma ya zaɓi maƙwabtansu Angels da ke American League, inda zai iya jifa yau ya yi bugu gobe ba tare da tsaron fili ba. A Disamban 2023 ya sa hannu da Dodgers kan dala miliyan 700 na shekara 10, miliyan 680 daga ciki sai bayan kwantiragin ya ƙare za a fara biya. A lokacin bai daɗe da fitowa daga tiyatar gwiwar hannu ba, jifa ba ta yiwuwa a 2024. A tsohuwar doka da babu inda za a ajiye shi.

Abin da mutane da yawa suka manta shi ne ba a gurbi na ɗaya ya fara ba. Betts ne na ɗaya, Ohtani na biyu, Freeman na uku. Ranar 16 ga Yunin 2024 ƙwallon wani mai jifan Kansas City Royals ta karya wa Betts ƙashin hannu, aka matsar da Ohtani sama na wucin gadi. Da Betts ya warke a Agusta sai ya tarar gurbin ya riga ya yi mai shi, ya koma na biyu ba tare da hayaniya ba. Ohtani ya rufe kakar da hom-ron 54 da satar tasha 59, mutum na farko da ya haɗa 50 da 50 a tarihin gasar. Ya cika su ne a Miami ranar 19 ga Satumba, a wasan da ya buga sau shida duk suka yi kyau, uku suka tsallake katanga.

To shike nan musu ya ƙare? Ina! A 2025 Ohtani ya buga hom-ron 55, amma jimillar makin da bugunsa ya shigar 102 ne. Cire shi kansa daga lissafin, abokai 47 kawai ya kawo gida, alhali a 2024 sun kai 76. Ba ƙarfinsa ne ya ragu ba, tashoshin ne yake tararwa babu kowa. Michael Conforto, wanda aka ɗauko kan dala miliyan 17, ya ƙare kakar ƙasa da bugu mai kyau 20 cikin kowane 100, aka kuma bar shi a gida lokacin wasannin sili-ɗaya-ƙwale. Sa gwani a farko yana biyan kuɗin sabulu ne kawai idan na takwas da na tara suna isa tasha. Dokar 2022 ta kawar da mai jifa daga gurbi na tara, amma ba ta tabbatar wa kowa cewa wanda aka sa a wurin zai fi shi amfani ba.

Mu da ke bin wasannin daga wannan nahiya, inda wasan daren Los Angeles ke farawa wajen ƙarfe uku na dare agogon Najeriya da Nijar, mun ga yadda kofunan World Series na 2024 da 2025 da Dodgers suka ci suka rataya a wuyan waɗanda ba a cika ambaton su ba. Kowa ya san bugun Freeman a zagaye na goma na wasan farko da Yankees a 2024, wanda ya kwashi mutum huɗu gida ya rufe wasa 6-3 (zagaye tara ake yi, sai an yi kunnen doki ake ƙarawa). Amma Gavin Lux da Tommy Edman ne, daga can ƙasan jeri, suka fara cika tashoshin, har Yankees suka ga gara su bar Betts ya wuce da gangan su fuskanci Freeman mai ciwon idon sawu.

A 2025 da Toronto Blue Jays abin ya fi fitowa fili. A wasa na uku, wanda ya ja har zagaye 18, Ohtani ya isa tasha sau tara. Bayan ya buga hom-ron biyu, Toronto suka daina ba shi ƙwallo, sau huɗu suna barinsa ya wuce da gangan, don ba sa jin tsoron Betts da sandarsa ta yi sanyi a lokacin. Roberts, wanda ake zargi da taurin kai kan tsofaffin yaransa, a ƙarshe ya motsa. Ya ɗaga Will Smith zuwa na biyu, ya sauke Betts zuwa na uku, sannan na huɗu a wasa na shida, inda Betts ya shigar da maki biyu a nasarar 3-1. Ya ajiye Andy Pages, ya kuma fito da Miguel Rojas, dattijo mai shekara 36 da aka sani da tsaron fili ba da sanda ba, ya sa shi a ƙarshen jeri. Ranar 1 ga Nuwamba a Toronto, zagaye na tara, Dodgers na baya da 4-3, saura mutum biyu a fitar kofi ya tafi Kanada, layi ya zo kan Rojas. Jeff Hoffman, mai jifan Toronto, ba zai yarda ya bar shi ya wuce ba tunda Ohtani ne ke biye, dole ya jefa masa ƙwallon da za a iya bugawa, Rojas kuwa ya tsallakar da ita katanga. Smith ya buga ta nasara a zagaye na 11, Yoshinobu Yamamoto ya rufe wasan kwana ɗaya bayan ya yi jifa a na shida. Tun Yankees na 1998 zuwa 2000 ba a samu ƙungiyar da ta ci kofin a jere ba sai su.

Ni dai da za a tambaye ni, Ohtani ya koma na biyu a ranakun da yake jifa. Ganinsa yana sauka daga tudu da gudu yana ɗaura kayan kariya don ya fara bugu a zagayen farko ba ya kwantar mini da hankali, ko da yake wasan da ya yi da Milwaukee Brewers a Oktoban 2025, hom-ron uku da fitar da mutum goma, hujja ce mai ƙarfi a hannun masu cewa a ƙyale shi inda yake. Damuwar da ta fi wannan ita ce shekaru. An haifi Freeman a 1989, Muncy a 1990, Betts a 1992, kuma kwantiragin Betts sai 2032 zai ƙare. Ba da daɗewa ba Roberts zai sake fuskantar abin da ya fuskanta a Toronto, wato sauke babban suna zuwa ƙasa, kuma wannan karon ba na wasa uku ba.