Kiwon ɓera a gida

Kiwon ɓera a gida shi ne ajiye ɓerayen da suka saba da mutum a cikin keji, ana ciyar da su, ana zaɓen waɗanda za su hayayyafa, galibi don sha'awa ko don baje kolin dabbobi. Al'adar ta fi ƙarfi a Birtaniya da Amurka da wasu ƙasashen Turai. Irin da ake kiwo shi ne wanda masana ke kira Rattus norvegicus, babban ɓeran nan mai ruwan ƙasa da danginsa ke zaune a magudanan ruwa da tashoshin jiragen ruwa. Kalmar ɓera a Hausa, ko kusu a bakin Sakkwatawa da mutanen Nijar, ta haɗa shi da ɗan ƙaramin ɓeran ɗaki, amma dabbobi ne daban, ba sa barbarar juna. Ɓeran kiwo yakan yi shekara 2 zuwa 3 a duniya.

Suna da asali

Sunan kimiyyar yana nufin ɓeran Norwe, kuma kuskure ne. Wani masani ɗan Ingila, John Berkenhout, ya laƙaba masa shi a 1769, a lokacin da ake zaton jiragen ruwa ne suka kawo shi daga can. Yawancin masana yanzu suna ganin tushensa arewacin Sin ne da Mongoliya, kuma ya bazu a Turai wajen ƙarni na 18, wataƙila kafin nan.

Tarihi

Mafi daɗewar rubutattun bayanai kan wannan kiwo daga Japan suka fito. A zamanin Edo mutanen birane sun riƙa ajiye fararen ɓeraye da masu dabbare-dabbare, har aka buga littattafai biyu na koyar da kiwonsu, ɗaya a 1775, ɗaya a 1787, masu bayanin abinci da keji da yadda ake haɗa iri don a sami launin da ake so.

A Ingila abin ya samo asali ne daga wani wasa na rashin tausayi. A ƙarni na 19 akan zuba ɓeraye a rami ko shingen katako a gidajen giya, a saki kare, 'yan caca su sa kuɗi a kan yawan da zai kashe. An rubuta cewa a 1823 wani kare mai suna Billy ya kashe ɓeraye 100 cikin minti biyar da rabi. Wasan yana cin dubban ɓeraye, don haka kama su da rai ya zama sana'a. Daga cikin waɗanda aka kama akan ci karo da zabiya ko mai baƙi da fari, sai masu sana'ar su ware shi, su haɗa shi da wani mai kama da shi. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Jack Black, mutumin Landan na tsakiyar ƙarnin, wanda yake kiran kansa mai kama wa Sarauniya Biktoriya ɓera. Yakan hora masu launi na daban ya sayar wa matan masu hali su ajiye a keji.

Shigar ɓera fagen baje koli aikin wata mata ce, Mary Douglas. A 1901 ta nemi ƙungiyar masu kiwon ƙananan ɓeraye ta ƙasar ta ba ta dama ta kawo nata manyan wajen bajen da aka yi a garin Aylesbury. Aka yarda, kuma ɓeranta mai baƙin kai da farin jiki ya zo na ɗaya. A 1912 ƙungiyar ta ƙara babban ɓera a cikin sunanta. Bayan rasuwar matar a 1921 sha'awar ta yi sanyi, aka cire shi daga sunan a 1929 ko 1931. Sai a 1976 aka kafa ƙungiyar da ta keɓanta da shi a Birtaniya, Amurkawa kuma suka kafa tasu a Kalifoniya a 1983.

Wani reshen ya bi hanyar ɗakunan bincike. Cibiyar Wistar da ke Filadelfiya ta fara samar da fararen ɓeraye masu daidaitaccen iri a 1906 ƙarƙashin Henry Donaldson, kuma Helen Dean King ta shafe shekaru a can tana haɗa 'yan uwa ciki ɗaya tsara bayan tsara. Irin Sprague-Dawley ya biyo baya a 1925 a jihar Wiskonsin. Akasarin abin da aka sani game da ciki da jegon ɓera daga waɗannan ɗakuna ya fito, masu kiwon gida suka ɗauka.

Barbara da ciki

Ɓera yana balaga da wuri, tun yana ɗan mako 5 ko 6, amma masu kiwo ba sa haɗa mace sai ta kai wata 4 zuwa sama, jikinta ya yi ƙwari. Takan nemi namiji kowane kwana 4 ko 5, yawanci da dare. Ana zaɓen iyaye ne ta lafiya da sanyin hali kafin launi, domin wasu ire-iren masu yawan fari a fuska da gefen jiki suna ɗauke da ciwon kumburin hanji na gado, wanda ke kashe 'ya'yan wajen lokacin yaye.

Ciki kwana 21 ne zuwa 23. Ba ya fitowa sosai sai a makon ƙarshe, lokacin da cikin ke buɗewa ta gefe biyu, gashin kewayen nonuwa ya ragu, ta kama jan takarda da tsumma zuwa lungu. A nan ne ake mayar da ita kejin haihuwa, mai hawa ɗaya, mai shafaffen ƙasa, wanda tazarar ƙarafansa ba za ta bar jariri ya zurare ba. Dole a fitar da namijin kafin ta haihu: mace tana iya sake ɗaukar ciki cikin sa'o'i 24 da haihuwa, ta zama ga goyo ga ciki, abin da ke tsotse ta ƙwarai.

Haihuwa da jego

Naƙuda takan ɗauki sa'a ɗaya zuwa biyu. Uwar tana jawo kowane ɗa da bakinta, ta yage jakar da ya zo a ciki, ta lashe shi, ta cinye mabiyiya da cibiya. Haihuwa ɗaya takan kai 'ya'ya 6 zuwa 12, wani lokaci fiye, ita kuwa nonuwa 12 gare ta. Idan ta daɗe tana nishi ba abin da ya fito, ko jini ya yi yawa, ko jikinta ya yi sanyi, aikin likitan dabbobi ne, kuma da gaggawa.

Jariran suna zuwa jajaye, ba gashi, ido da kunne a rufe, nauyin kowanne giram 5 ko 6. Fatarsu shara-shara ce, har ana hango nonon da suka sha kamar wani farin zane a gefen ciki. Wannan zanen shi ne abin da mai kiwo ke fara dubawa a rana ta farko, domin da shi ake gane wanda ya ƙoshi da wanda 'yan uwa suka danne. Ba sa iya ɗumama jikinsu, ba sa kuma iya fitsari ko kashi sai uwar ta lashi ƙasan cikinsu. Wanda ya gangaro daga sheƙa yakan yi wani siririn kuka da kunnen mutum ba ya ji, ita kuwa ta ji, ta zo ta ɗauke shi ta ƙeya ta mayar. Idan sun yi yawa, wata uwar takan raba su gida biyu tana shayarwa bi da bi.

Lasar nan ba tsafta kaɗai ba ce. Binciken Michael Meaney da abokan aikinsa a Jami'ar McGill ta Kanada, wanda ya yi fice a 2004, ya nuna cewa 'ya'yan da uwa ta yawaita lasa a makon farko suna tashi da ƙarancin firgita, matan cikinsu kuma su zama masu yawan lasar nasu 'ya'yan. Da aka ba wata uwar riƙon jariran, halin mai reno suka ɗauko.

Saboda haka aikin mai kiwo a kwanakin nan kaɗan ne, amma ba ya son sakaci. Na farko abinci: mai shayarwa tana cin ninki biyu ko fiye na abin da ta saba, ana ƙara mata dafaffen ƙwai, kifi ko ɗan naman kaza a kan hatsi da ganye, ruwa kuma kada ya yanke ko da rana ɗaya, don ƙishirwa tana ƙafar da nono. Kayan sheƙa takarda ce marar tawada da aka yayyaga. Auduga da tsumma mai zare suna naɗe ƙafar jariri har ta lalace. A makon farko ba a share sheƙar, sai dai a kwashe jiƙaƙƙen shimfiɗi daga gefe. A nisantar da kejin daga kyanwa da hayaniya da rana. Ɗakunan bincike suna riƙe zafi tsakanin digiri 20 da 26, ɓera kuma ba ya jure zafi mai tsanani.

Maganar da ake yi cewa uwa za ta cinye ɗan da mutum ya taɓa ba ta cika tabbata a ɓeran da ya saba da mai shi ba. Masu kiwo da yawa suna ɗaukar jariran tun kwanakin farko, na ɗan lokaci, da wankakken hannu, bayan an yi amfani da abinci an janye uwar daga sheƙa, domin mai jego tana iya cizo ko da a da ba ta yi. Cin 'ya'ya yakan faru ne idan ɗan ya riga ya mutu ko ba shi da lafiya, ko uwar tana cikin yunwa da tsoro. Idan uwa ta mutu, abin da ya fi shi ne a nemi wata mai jego a cusa marayun cikin nata, bayan an shafa musu shimfiɗin sheƙarta. Shayarwa da hannu da madarar jarirai ko ta 'yan kyanwa, kowane sa'o'i biyu zuwa uku dare da rana, abu ne mai wuya, kuma da yawa ba sa rayuwa.

Girma da yaye

Gashi yakan rufe jiki wajen kwana 7 zuwa 10, ido ya buɗe wajen kwana 14, daga nan su fara fitowa suna ɗanɗana abincin uwar. Kafin gashi ya yi kauri ana iya bambance su, don mata ne kaɗai ke da nonuwa. Ɗakunan bincike suna yaye a kwana 21, masu kiwon gida kuwa sukan bar su mako 4 zuwa 5. Kafin mako na 5 ya cika ake ware mazan, in ba haka ba su yi wa uwarsu da 'yan uwansu ciki. Ana bayar da su bibbiyu ko fiye, jinsi ɗaya, don ɓera ba ya son zaman kaɗaici.

Cututtuka da saɓani

Ciwon numfashi da ƙari a nono su ne suka fi damun ɓeran kiwo. Mutum ma yana iya ɗaukar cuta daga gare shi: zazzaɓin cizon ɓera, da ƙwayar cutar Seoul, wadda a 2017 hukumomin lafiya na Amurka suka bi sawunta zuwa gidajen masu kiwo a Wiskonsin da Ilinoi. Akwai saɓani kan amfani da ɓarɓashin wasu katakai masu ƙamshi a matsayin shimfiɗi, da kan kiwon iri marar gashi ko marar wutsiya. Lardin Alberta na Kanada ya haramta ajiye shi.

A Najeriya

Fararen ɓerayen Wistar sanannu ne a ɗakunan dabbobi na jami'o'i, inda ɗaliban likitanci da haɗa magunguna ke gwaji da su. Gafiya, wadda ƙungiyar APOPO ke horarwa a Morogoro ta Tanzaniya don gano nakiyoyi da tarin fuka, wata dabba ce daban. Haka ma ɓeran nan mai yawan nonuwa na gidaje da rumbuna, Mastomys natalensis, mai ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Ba a kama shi don kiwo, kuma ba a barinsa ya kusanci keji ko abincin ɓerayen da ake kiwo.