Kiwon Dabbobi, Kaji da Samar da Madara a Arewacin Najeriya

Kiwo shi ne sana'a mafi girma bayan noma a Arewacin Najeriya, kuma a yawancin gidajen karkara ba a raba su biyun, domin abin da gona ta bari na kara da harawa shi dabba take ci, abin da dabba ta bari na taki kuma shi ake mayarwa gona. Mafi yawan shanu, tumaki, awaki, raƙuma da jakunan ƙasar a wannan yanki suke, daga nan ne kuma ake ɗaukar naman da ake ci a Legas, Ibadan da Fatakwal. Tun daga shekarun 1970 fasalin sana'ar yake sauyawa: yawan dabbobi yana ƙaruwa, filin kiwo yana raguwa, kiwo kuma yana komawa sannu a hankali daga daji zuwa cikin gida da gefen gari.

Ire-iren dabbobin yankin

Farar saniya mai baƙin kunne da ake kira Bunaji ita ce ta fi yawa, kuma ita ce ginshiƙin nonon da ake sha a ƙasashen Kano, Zazzau, Bauchi da Filato. Akwai Rahaji, jar saniya mai dogon ƙaho da juriyar tafiya, wadda Fulanin daji suka fi so. Akwai Bokolo ta ƙasar Sakkwato mai gajeren ƙaho da cikar jiki, akwai Gudali ta Adamawa, sai Wadara da Kuri na yankin Borno da bakin Tafkin Chadi. A tumaki an san 'Yankasa, Uda da Balami. Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira akuyar Maraɗi, ta yi suna tun zamanin fatauci ta Hamada saboda kyawun fatarta, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko don ta can take isa gare su.

Tarihi

Annobar bushiya, cutar shanu da ta ratsa Afirka a wajajen 1890, ta kusa share garken Fulani, ta kuma riƙa dawowa a farkon ƙarni na ashirin. Yaƙi da ita ne babban dalilin da ya sa gwamnatin mulkin mallaka ta kafa sashen likitocin dabbobi, wanda aka mayar da cibiyar bincikensa Vom, kusa da Jos, a 1924. A 1928 aka buɗe gonar dabbobi ta Shika kusa da Zariya, wadda a 1976 ta zama Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Gangamin rigakafi na haɗin gwiwa da aka fara a 1962 tsakanin Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru ya kwantar da cutar na wani lokaci, amma ta sake ɓarkewa a 1983, daidai lokacin da fari ya addabi yankin, ta halaka shanu masu ɗimbin yawa. Sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun bar tabo iri biyu. Na farko, makiyaya da yawa sun gangara kudu zuwa ƙasashen Neja, Binuwai, Taraba da Kwara, inda sarar daji ta rage ƙudan tsando mai kawo sammore, suka kuma zauna a can. Na biyu, waɗanda suka karye sun sayar da shanunsu da arha ga 'yan kasuwa da ma'aikata, wasunsu suka koma kiwon haya, suna tsaron dukiyar da a da tasu ce. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta yi nufin tanadar wa makiyaya fili, kuma an ware fiye da wurare 400, sai dai kaɗan daga cikinsu aka tabbatar a hukumance, sauran gonaki da gidaje suka cinye su. Harajin jangali, wanda ya daɗe yana cika baitulmalin sarakuna, gwamnatocin Kano da Kaduna sun soke shi a 1979.

Abin da ƙidaya ta nuna

Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama da ta ƙasa a 1990 ta ba Najeriya shanu miliyan 13.9, awaki miliyan 34.5 da tumaki miliyan 22.1. Binciken aikin gona na ƙasa na 2011 ya ba da shanu miliyan 19.5, awaki miliyan 72.5, tumaki miliyan 41.3 da kaji miliyan 145. Hanyoyin da aka bi wajen ƙidayar biyu sun bambanta, amma alƙiblar a bayyane take: a tsakanin shekarun nan awaki sun ninka har da ɗori, tumaki sun kusa ninkawa, shanu kuwa ƙaruwarsu ba ta kai rabi ba. Dalilin bai da wuyar ganewa. Akuya tana haihuwa da wuri, sau da yawa tagwaye, tana rayuwa a kan ɗan abin da aka samu a gida, kuma mace ko yaro na iya kula da ita, alhali saniya tana buƙatar fili, ruwa da ƙato mai bin ta.

Daga burtali zuwa turke

A tsohon tsari, da an gama girbi manomi yakan gayyaci Bafulatani ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, shi kuma ya ba da damin gero ko dawa, matan ruga su riƙa kai nono cikin gari. Wannan ma'amala ta yi rauni saboda dalilai da dama. Takin zamani ya rage buƙatar saukar shanu. Madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori, da yaɗuwar injin ban ruwa, sun mayar da fadamun da shanu ke sha da kiwo lokacin rani gonakin tumatir, albasa, alkama da shinkafa. Yawan jama'a ya sa an nome burtali da mashaya. Uwa uba, manomi da kansa ya zama mai dabba, don haka karan da a da yake bari a gona yanzu tattara shi yake yi.

A ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, inda ƙasa ta daɗe da ƙarewa, ana ganin cikar wannan sauyi. Da kaka za a ga harawar gyaɗa da ta wake an ɗaure an ɗora bisa rassan itace ko rufin soro, inda akuya ba ta kaiwa. Da damina tumaki da awaki suna ɗaure a turke, yara suna yanko musu ciyawa daga gefen gona, kafin faɗuwar ruwa kuma a kwashe takin da ya taru a mangala ko a amalanke a kai gona. Harawa, kowar wake, dusa da ƙaiƙayi duk sun zama hajar kasuwa mai farashi, kuma kuɗinsu yakan hau sosai daga watan Maris har zuwa fitowar sabuwar ciyawa.

Daga nan kiwon turka ya bunƙasa. Mutum ya sayi ramammen sa ko rago, ya ɗaure shi wata uku zuwa shida yana ba shi harawa, dusa, angurya da kanwa, ya sayar gab da Babbar Sallah. Ga mata da yawa da ba sa fita kasuwa, rago ɗaya ko biyu a bayan ɗaki shi ne asusu, shi ne kuɗin kayan ɗakin 'ya, shi ne na asibiti. Shanun huɗa ma sun yawaita, kuma manomi yakan more su shekaru kaɗan a garma da amalanke, sannan ya turke su ya sayar da riba.

Makiyayi mai yawo shi ne ya fi shan wahalar wannan zamani. Satar shanu da ta'addancin 'yan bindiga a Zamfara, Katsina, Kaduna da Neja, da rikicin Boko Haram a Arewa maso Gabas, sun raba dubban iyalai da garkensu, manoma da makiyaya duka, sun kuma sa wasu ƙaura zuwa Kamaru, Ghana da wasu ƙasashe. A 2017 Jihar Binuwai ta kafa dokar hana kiwon sake, wasu jihohin kudu suka biyo baya.

Nono da madara

Sarrafa nono aikin matan Fulani ne, kuma bisa al'ada kuɗinsa nasu ne. Ana tatsa da safe bayan an bar maraƙi ya fara tsotsa, a dafa ko a bar shi ya kwana ya zama kindirmo, a kaɗa a cire man shanu, abin da ya rage shi ne nonon da ake damawa da fura. Mace ta jera ƙore a ka, ta rufe da faifai, ta yi tafiyar kilomitoci zuwa kasuwa. Wannan hanya ita ce har yau take ɗauke da mafi yawan nonon da ake samarwa a ƙasar.

Matsalar ita ce ƙarancin abin da ake tatsa. Saniyar gida ba ta cika wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana ba, da rani ma ba ta kai haka, shi ya sa masu talla da yawa suke haɗawa da madarar gari ko garin kuka idan nono ya yi wuya. Abin da ƙasar take samarwa bai kai rabin buƙatarta ba, kuma ana kashe fiye da dala biliyan ɗaya a shekara wajen shigo da madara, galibinta ta gari. Yawancin yogot ɗin da ake sayarwa a biranen Arewa, a tsakiyar ƙasar shanu, da wannan garin ake yin sa.

Yunƙurin kafa masana'antar madara ya daɗe. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ana yin man shanu da cuku a Vom, kuma bayan samun 'yanci gwamnatoci sun gina masana'antu a Kaduna da wasu garuruwa, waɗanda akasarinsu suka durƙushe saboda rashin isasshen nono a duk shekara. A watan Fabrairun 2020 Babban Bankin Najeriya ya taƙaita ba da kuɗin waje na shigo da madara ga kamfanoni shida da suka amince su zuba jari a cikin gida, ya kuma janye takunkumin a 2024. A cikin wannan tsakani kamfanin Arla ya buɗe gonar shanun madara a Damau ta Jihar Kaduna a 2023, da shanun da aka kawo daga Denmak, yayin da kamfanoni irin su L&Z a Kano da Integrated Dairies a Vom suke sayen nono daga makiyaya. Cibiyoyin tattara nono masu na'urar sanyaya mai aiki da hasken rana sun fara yaɗuwa, haka nan barbarar shanun gida da irin na waje ta hanyar allura.

Barbara ita kaɗai ba ta warware komai, domin saniya mai jinin waje tana buƙatar ruwa mai yawa, abinci mai kyau da inuwa, idan ta rasa su kuwa gara Bunaji da ita. Akwai kuma abin da ya cancanci a kula da shi: inda kamfani yake biyan kuɗin nono ta hannun maigida, kuɗin da a da yake shiga ƙwaryar mace yakan kuɓuce mata, kuma da wannan kuɗin ne ake cefane da tufatar da yara a ruga.

Kaji

Kajin gida da zabi suna nan a kusan kowane gida, suna kiwon kansu, kaza tana yin ƙwai kamar 40 zuwa 60 a shekara. Babbar abokiyar gabarsu ita ce cutar Newcastle, wadda takan share akurki a lokacin hunturu, ko da yake cibiyar Vom tana yin rigakafinta mai jure zafi. Kiwon kajin gidan gona shi ne ɓangaren da ya fi saurin girma, musamman bayan hana shigo da daskararrun kaji a farkon shekarun 2000. Jos, saboda sanyinta, da kewayen Kano da Kaduna sun zama cibiyoyin ƙwai. Kazar ƙwai takan fara yi tana da mako 18 zuwa 20, ta ba da fiye da 250 a shekara, ta nama kuma takan isa yanka cikin mako shida zuwa takwas. Cibiyar Shika ta samar da irin kazar ƙwai mai suna ShikaBrown, sannan kaji irin su Noiler, masu ba da nama da ƙwai kuma masu iya kiwon sake, sun karɓu a hannun matan karkara.

Sana'ar tana da rauni ta fuskoki uku. Yawancin 'yan tsaki daga masana'antun ƙyanƙyasa na yankin Ibadan ake kawo su, cikin kwali, a doguwar tafiyar da wasu ba sa kai ƙarshenta. Abinci yana cin kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa, saboda haka duk lokacin da masara da waken soya suka yi tsada sai ƙananan gonaki su rufe, kamar yadda aka gani bayan ƙarancin takardun kuɗi da cire tallafin man fetur a 2023. Sai murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006, karo na farko a nahiyar Afirka, ta kuma dawo a 2015 da 2021.

Kasuwa da manufofin gwamnati

Kasuwannin Maigatari, Wudil, Fataskum, Illela da Mubi su ne manyan karar dabbobi, kuma kaso mai tsoka na abin da ake sayarwa a cikinsu daga Nijar da Chadi yake shigowa, shi ya sa rufe iyaka a 2019 da 2023 ya taɓa farashi nan take. Ciniki yana tafiya ne ta hannun dillalai, a kan amana da bashi, dabbobin kuma da ransu ake loda su a tirela zuwa kudu, tafiyar kwana biyu ko uku da ke rage musu nauyi. A 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da shirin Ruga, na kafa wa makiyaya matsugunai, bayan ce-ce-ku-ce, ta koma ga shirin sauya fasalin kiwo na shekara goma. A 2024 aka ƙaddamar da manufar madara ta ƙasa, aka kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, wadda Idi Mukhtar Maiha ya zama ministanta na farko.