Waiwaye: Shekarar 1996 da Gardamar Dokar Mallakar Bindiga

A ranar 13 ga Maris 1996, wani mutum ya kutsa makarantar firamare ta garin Dunblane a Scotland, ya harbe yara 16 da malamarsu a ɗakin motsa jiki. Yaran 'yan shekara biyar da shida ne. Ba a cika wata biyu ba, sai ga wani a Port Arthur da ke tsibirin Tasmania na Ostireliya ya kashe mutum 35.

Birtaniya ta haramta wa farar hula kusan duk ƙananan bindigogin hannu a 1997. Ostireliya kuwa ko mako biyu ba ta jira ba. Firaminista John Howard, mai ra'ayin 'yan mazan jiya, ya haɗa kan jihohi aka hana bindigogi masu saurin harbi, aka wajabta lasisi da rajista. Gwamnati ta saye sama da bindiga 600,000 daga hannun jama'a ta lalata su. Abin bai zo masa da sauƙi ba, don da ya je yi wa masu bindiga jawabi a garin Sale, sai da ya sa rigar sulke a ƙarƙashin kwat.

A wannan shekarar dai, majalisar dokokin Amurka ta bi wata hanya dabam. Ɗan majalisa Jay Dickey ya cusa sharaɗi a kasafin kuɗi da ya hana hukumar CDC, mai kula da yaƙi da cututtuka, kashe kuɗi kan abin da zai ƙarfafa taƙaita bindiga. Binciken hukumar kan kisa da bindiga ya kusa tsayawa cak sama da shekara ashirin, shi kansa Dickey daga baya ya yi nadama. A ganina wannan ne babban rashi, domin ƙasar da ta fi buƙatar amsa ita ce ta toshe hanyar samun ta.

To, dokar taƙaita bindiga ta yi aiki? Masu adawa suna cewa mutuwa ta hanyar bindiga ta riga ta fara raguwa a Ostireliya tun kafin 1996, kuma gaskiyarsu ce. Sukan ƙara da cewa ɓarawo ba ya neman lasisi. Sai dai akwai gefen da ba a cika tabowa ba. A 2021 bindiga ta kashe sama da mutum 48,000 a Amurka, fiye da rabinsu kuwa su suka harbe kansu. Wanda baƙin ciki ya rufe na ɗan lokaci, in babu bindiga a aljihun tebur, sau da yawa yakan kai gobe da rai. Haka nan masu bincike na jami'ar Johns Hopkins sun gano kisa da bindiga ya ragu a jihar Connecticut bayan ta wajabta izinin saye a 1995, ya kuma ƙaru a Missouri bayan ta soke nata a 2007. Hujjar haramcin manyan bindigogi da Amurka ta yi daga 1994 zuwa 2004 ba ta kai wannan ƙarfi ba.

Tarnaƙin Amurka shi ne gyara na biyu na kundin tsarin mulkinta, na 1791, wanda Kotun Ƙoli ta fassara a 2008 da cewa mallakar bindiga haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne. A Yunin 2022, wata guda bayan kashe yara 19 da malamai biyu a wata makaranta a garin Uvalde na jihar Texas, Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar ƙara tantance masu saye 'yan ƙasa da shekara 21. Kwana biyu kafin nan, kotun ta rushe dokar New York da ke taƙaita yawo da bindiga a bainar jama'a.