Bencin yanka katako daga guntayen shago: tambayoyi da amsoshi

A shagunan kafintoci da yawa a Katsina da Daura za ka tarar da yaro ya ɗora katako a kan bulo biyu yana yanka, katakon yana rawa, zarto yana cijewa. Ɗan gajeren benci na yanka yana raba shi da wannan wahala, kuma guntayen da suka taru a ƙarƙashin tebur sun isa a yi shi a yini guda. Ga abin da masu koyon sana'a suka fi tambaya a kai.

Ga teburin aiki, me ya kawo wani benci kuma?

Teburin aiki yakan kai inci 34 zuwa 36, tsayin da ya dace da gogar katako da haɗa kaya. Zarton hannu kuwa ƙasa yake son katako, yadda kafaɗa da gwiwar hannu da bakin zarto za su hau layi ɗaya. A kan gajeren benci gwiwarka ce ke danne katakon, nauyin jikinka ne matsi, ba ka neman wanda zai riƙe maka.

Nawa ne tsayinsa?

Kada ka kwafi na shagon maƙwabci. Tsaya da takalmin da kake aiki da shi, ka auna daga ƙasa zuwa ƙasan ƙoƙon gwiwarka. Ga yawancin maza yakan faɗo tsakanin inci 18 da 20. In ya gaza haka, kan zarto zai riƙa dukan siminti, haƙoran gaba su dakushe, baya kuma ya ɗauki ciwo. In ya zarce, gwiwa ba za ta hau da nauyi ba, katakon ya dinga zamewa. Shagon da ke da maigida dogo da yaro gajere, benci biyu ne maganinsa, da ma ana bukatar na biyun don tallafe wutsiyar katako mai ƙafa 12.

Wane irin guntu ya kamata a zaɓa?

Busasshe, kafin komai. Katakon da muke saye wajen 'yan katako daga kudu ake kawo yawancinsa, sau da yawa da sauran danshi a jikinsa. Idan hunturu ya buge shi sai ya tsuke, ya murɗe, haɗin da aka yi tsam ya saki. A nan guntu ya fi sabo: wanda ya ci hunturu guda a cikin shago ya gama motsinsa.

Afara da malaina sun yi wa saman benci daidai. Madaci ya fi dacewa da ƙafafu, sai dai yana tsagewa in aka buga masa ƙusa ba a huda ba. Obeche ya cika laushi, ƙusa ba ta daɗewa a cikinsa. Katakon da aka cire daga dakin gini ana iya amfani da shi, amma sai an kankare simintin an zare kowace ƙusa, don guda ɗaya da ta karye a ciki ta isa ta zubar wa zarto haƙora. Wanda ke da ƙananan huji yana zubar da gari, ƙwaro ne a ciki, a kai shi murhu.

Me da me za a tara?

Don saman, guntun 2x4 (kauri inci 2, faɗi inci 4) guda biyu masu tsawon inci 32, a goge gefensu a manne su da gam, su ba da faɗin kusan inci 7 zuwa 8. Idan akwai 2x6 guda, ya wadatar. Ƙafafu huɗu na 2x3, kowace inci 21, wato da ragowar da za a datse daga baya. Sanduna biyu na 2x2 masu inci 22 don ɗaure ƙafafu ta tsawo. Yanki biyu na filawud ko na 1x12 don rufe ƙafafu ta kowane ƙarshe. Sai ƙusa mai inci 3 kamar guda 20, mai inci 2 kamar haka, da farin gam. A sa tef a kan kowane guntu, domin 2x4 na kasuwa da wuya ya cika sunansa.

Yaya ake haɗa ƙafa da saman don kada ya yi lilo?

Nan ne yawancin benci ke mutuwa. Mai gaggawa yakan ɗora saman a kan ƙafa ya buga ƙusa daga sama. Ƙusar ta shiga ta kan jijiyar katako, inda ba ta da riƙo, bayan wata biyu bencin ya fara tangaɗi.

Abin da ya dace shi ne a yi wa ƙafa kafaɗa. A kan kowace ƙafa, auna kaurin saman bencin, ka cire kusan inci 1 daga kaurin ƙafar a wannan tsawon, da zarto da kurfi. Saman zai zauna a kan wannan mataki, harshen da ya rage kuma ya rungumi gefensa. A gefen saman, inci 6 daga kowane ƙarshe, fafe gurbi mai zurfin rabin inci daidai faɗin ƙafar, ta shige da ɗan bugun guduma. Ta haka katako ne ke ɗauke da nauyi, ƙusa riƙewa kawai take yi. Huda kafin bugawa, ƙusa biyu a kowace ƙafa, ɗaya sama ɗaya ƙasa a karkace, kada su hau jijiya guda. Daga nan sai filawud a ƙarƙashin saman, a manne a buga a kan ƙafafu biyu na kowane ƙarshe, sannan sandunan 2x2 a inci 6 daga ƙasa.

A zafin Maris da Afrilu gam yakan yi fata cikin 'yan mintuna. Gwada haɗin babu gam tukuna, ka shafa wa ƙarshe ɗaya ka gama da shi kafin ka taɓa ɗayan, a inuwa. A bar shi ya kwana.

Dole ne ƙafafu su buɗe waje?

Buɗewa tana hana kifewa. Lissafin mai sauƙi ne: inci 1 na karkata a kowane inci 6 na tsayi, kusan digiri 10 ke nan, kuma a jikin kafaɗar ake yanka wannan karkata. Matsalarta ita ce lokacin tsaga katako ta tsawo, zarto yakan ci ƙafar da ta fito. Mu mun fi son gefen hannun da ke riƙe zarto ya tsaya a miƙe, ɗaya gefen ya buɗe.

Tsagar da ake yi a ƙarshen saman bencin fa?

Baki ne mai siffar V, faɗin inci 2 da rabi, zurfin inci 4. Siririn katako ko filawud yana samun tallafi hagu da dama yayin da zarto ke wucewa ta tsakiya. Kada ƙusa ta kusanci wurin.

An gama, amma ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa.

Kada ka bi dogayen kana ragewa ɗaya bayan ɗaya, za ka ƙare da kujerar tsugunno. Nemi daɓen da ya fi daidai, ka cusa ɓawon katako a ƙarƙashin ƙafafu har saman ya daidaita. Auna abin da ya haura tsayin gwiwarka, ka yanko ɗan guntu mai wannan kaurin, ka kwantar da fensir a kansa ka zagaye kowace ƙafa. Yanka a kan layin. Sannan ka ɗan kashe kaifin gefunan ƙasa da samfefa, don kada su ɓantare idan ana jan bencin.

A shafa masa fenti?

Saman a bar shi yadda yake. Fenti ko fanish santsi suke sa shi, katako ya riƙa gudu a ƙarƙashin gwiwa. Ƙafafu ne ke bukatar kariya, musamman a shagon da ƙasansa turɓaya ce, inda gara ke hawa da damina: a shafa maganin gara ko baƙin mai daga ƙasa zuwa inci 4, kuma in an tashi aiki a ɗora bencin a kan tebur.