Ku daina binne wari da turare, ku nemo inda yake fitowa

A 'yan makonnin nan sau uku ana kirana gidaje daban-daban a kan magana ɗaya. Yara na ciwon kai, uwargida na tashin zuciya, kowa ya tashi da safe jiki ba ƙwari, kuma ga wani wari da aka rasa mafitarsa. Duk gidan da na je, ƙamshi ne ya fara tarata a bakin ƙofa. An kunna turare, an fesa na gwangwani, an rufe tagogi ruf don kada ƙamshin ya fita. Sai na ɗan jima a tsaye sannan warin ya taso daga ƙarƙashi. In na tambaya tun yaushe, sai a ce wata biyu, wata uku. Haba jama'a! Wata uku kuna kwana da abin da ba ku san ko mene ne ba, ku da jarirai a ɗaki?

Na san dalili, kunya ce. Ba mai son baƙo ya shigo ya toshe hanci, ya fita yana cewa gidan wane akwai ƙazanta. Ban ga laifin wanda ke son ɗakinsa ya yi ƙamshi ba. To amma ruwa ba ya tsami banza. Turare hancinku kawai yake ruɗawa, abin da ke fitar da warin yana nan yana aikinsa, kuna shaƙarsa dare da rana.

Gida na farko warin ruɓaɓɓen ƙwai ake ji. An share ko'ina, an kwashe shara, an yi ta zargin maƙwabta. Ashe akwai banɗaki ɗaya da aka yi watanni ba a shiga ba. Bututun da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu da na magudanar ƙasa suna da wata lanƙwasa da ke riƙe ruwa, ruwan nan shi ne murfin da ke hana iskar ramin sokawe dawowa cikin gida. In ya ƙafe, hanya ta buɗe. Bokiti ɗaya na ruwa muka zuba, muka buɗe tagogi. Maganin ke nan, bayan an sha wahalar wata uku.

Wannan iska mai warin ƙwai sunanta haidurojin salfaid, kuma ina so ku san halinta. Tana fita daga najasa da duk abin da ke ruɓewa a inda iska ba ta shiga. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa take kwanciya a rami, a rijiya, a kwata. In ba ta da yawa hanci na jinta tun daga nesa. In ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan na iska, sai ta kashe jin warin gaba ɗaya, mutum ya ɗauka ta tafi. In ta kai 700 zuwa 1000, numfashi ɗaya ko biyu ya isa ya kayar da ƙato. Shi ya sa ba maganar da ke tayar mini da hankali kamar in ji an ce, "Ai warin ya tafi da kansa." Ina ya tafi? Wa ya gyara? Sau da yawa hanci ne ya gaji.

Kuma don Allah, kada kowa ya sauka ramin shadda ko sokawe ko tsohuwar rijiya wai zai duba. Haka ake rasa mutane biyu, uku a rami ɗaya: na farko ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, shi ma ya faɗi. Aikin masu kayan numfashi ne.

Wannan hali na rufe wari ba yau aka fara shi ba. A shekarar 1858, lokacin zafi, Kogin Thames ya cika birnin Landan da ɗoyi saboda najasar da ake malalawa cikinsa. 'Yan majalisar Ingila suka sa aka jiƙa labulen majalisa da sinadari don su samu su zauna. Bai yi ba. Sai da suka amince injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa sannan aka huta, kwalara ma ta ja baya. Ku lura da wannan: wari da kansa ba ya kawo kwalara, amma inda kuka ji warin najasa, najasa na malala a kusa. A gida na biyu murfin sokawe ne ya tsage, taku kaɗan daga rijiyar da ake sha. Yara biyu na gudawa, uwarsu kuma sai ƙara turare take yi. Na yi mata faɗa, ba don ba na tausayinta ba.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne gas ɗin girki. Asalinsa ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don in yana tsiyaya ku ji. A 1937 wata makaranta a garin New London na jihar Texas a Amurka ta fashe saboda gas marar wari da ya taru ba wanda ya sani, kusan mutum 300 suka mutu, yawancinsu yara. Bayan haka jihar ta yi dokar sanya wa gas wari. An saka warin nan don ya cece ku, ku kuma ku ji shi ku ɗauko ashana ku kunna turare a kansa? Wallahi ko tunanin abin sai gabana ya faɗi.

Gida na uku ƙarni ake ji a falo kamar na kifi, alhali ba a dafa kifi ba. Soket ne ke narkewa a bayan kujera. Roba in ta yi zafi haka take wari, wani lokaci ƙauri, wani lokaci ƙarni. Da an ƙara mako guda, Allah kaɗai ya san abin da zai faru.

Sauran kun san su: mushen ɓera a silin, kwata da ta toshe, danshi a bango. In kuma unguwa gaba ɗaya ke ji, a duba juji, mayanka, gonar kaji, majema, ko masana'antar da ke sakin ruwa da dare. Nan ma kowa sai ya rufe tagarsa ya fesa nasa, ba mai magana. Ku tambayi maƙwabci, ba abin kunya ba ne.

A gaggauce:

- Ku kashe turaren, ku buɗe tagogi, ku bi warin ɗaki ɗaki.
- Warin gas: a rufe kan tukunya, kada a taɓa makunnin lantarki, kada a ƙyasta ashana, kowa ya fita.
- Ƙauri ko ƙarni kusa da wayar lantarki: a kashe wutar gidan, a kira mai gyara.
- A zuba ruwa a duk magudanar da aka jima ba a yi amfani da ita ba.
- Kada a haɗa bilic da wani sinadarin wanke masai, iska mai guba suke fitarwa.
- Na unguwa: ku rubuta rana, lokaci da inda iska ke kaɗawa, ku kai wa ma'aikatan tsaftar muhalli a ƙungiyance.

In wani ya fara jiri, amai ko sarƙewar numfashi, a fitar da shi fili, a wuce asibiti, kuma ku faɗa wa likita irin warin da kuke ji da tun yaushe kuka fara jin sa.