Ɗaure riyal da dala bai kawar da haɗarin canji ba

A wuraren hirar 'yan kasuwarmu na Jidda da Makka an daɗe ana cewa kamfanin da ke da mazauni a Saudiyya ba ruwansa da haɗarin canjin kuɗi, tunda tun 1986 dala ɗaya take kan riyal 3.75 ba ta motsa ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta kawai aka faɗa.

Kamfanin da ke da rassa a ƙasashe da dama yana sayar da kaya ne da kuɗin ƙasar da reshen yake, sannan ya mayar da ribar zuwa riyal idan ya zo rufe lissafi. Almarai, kamfanin Saudiyya wanda madararsa take cikin firjin kowane shago a nan, yana kasuwanci a Masar. A watan Maris na 2024 Masar ta saki kuɗinta, fam, ta bar kasuwa ta yanke farashinsa, dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50, don haka ribar da aka tara da fam ta zube idan aka auna ta da riyal, ko da kuwa cinikin bai ragu da kwalba ɗaya ba. Duk mai aika kuɗi gida ya ga irin wannan da naira tun 2023, sai dai shi ta gefen riba ya gan shi.

Shi ya sa masu kula da baitulmalin irin waɗannan kamfanoni suke ƙulla yarjejeniya da banki a kan farashin canji tun kafin ranar biya, ko su ciwo bashi da kuɗin ƙasar da suke ciniki a cikinta.