Tirehalos

Tirehalos, wanda Turawa ke rubutawa trehalose, nau'in sukari ne da ake samu a naman kaza, da yis, da ƙwari, da wasu tsire-tsiren hamada. Ƙwayoyin gulukos biyu ne suka haɗu suka ba da shi. Tsarin sinadarinsa C12H22O11 ne, daidai da na sukarin shayi, sai dai zaƙinsa bai kai rabin na sukarin shayin ba, wajen kashi 45 cikin 100.

H.A.L. Wiggers ne ya fara gano shi a 1832, a jikin wani funfuna mai kama hatsin rai (rye, wani hatsi dangin alkama). A 1859 masanin sinadarai na Faransa, Marcellin Berthelot, ya tace shi daga wani abu mai zaƙi da wani ƙwaro ke yin sheƙa da shi a Gabas ta Tsakiya, ana ce masa tirehala. Daga nan sunan ya samo asali.

Sirrinsa yana wurin ɗaurin da ya haɗa gulukos ɗin biyu. Kowane gulukos yana da gefe guda da ke saurin cuɗanya da wasu sinadarai, to a tirehalos waɗannan ɓangarorin biyu ne suka kama juna. Shi ya sa zafi da tsami ba sa saurin wargaza shi, kuma ba ya haɗuwa da furotin ya yi ja kamar ɓawon burodi a tanda.

Babban abin mamakinsa shi ne kare rai daga bushewa. Idan ƙwayar halitta ta rasa ruwa, tirehalos yakan maye gurbin ruwan a jikin furotin da fatar ƙwayar, sannan ya daskare kamar gilashi, ya riƙe komai a mazauninsa. Ba sai an je nesa neman misali ba. A ramukan duwatsu na arewacin Najeriya, inda ruwan damina ke kwanciya ya ƙafe, akwai tsutsar wani ƙwaro mai kama da sauro, Polypedilum vanderplanki. Da rani ya kama, takan tara tirehalos har kusan kashi 20 cikin 100 na busasshen jikinta, ta ƙeƙashe kamar tsinke. Ruwa na taɓa ta, cikin sa'a guda sai ta motsa. An taɓa farfaɗo da irinta bayan shekara 17 a bushe. Fara kuwa da sauran ƙwari da dama, tirehalos ne babban sukarin jininsu, da shi suke samun ƙarfin tashi.

A cikin ɗan Adam, wani sinadarin narkar da abinci a ƙaramin hanji, tirehales, shi ke raba shi zuwa gulukos. Wanda jikinsa ke da ƙarancinsa yakan yi kumburin ciki ko zawo in ya ci naman kaza. Wannan ya fi yawa a tsakanin mutanen tsibirin Girinlan.

Da can tsadarsa ta hana a sa shi a abinci. A 1994 kamfanin Hayashibara na Okayama a Japan ya gano hanyar sarrafa shi daga sitaci, farashin ya faɗi warwas. Amurka ta amince da shi a abinci a 2000, Tarayyar Turai a 2001. Yau ana sa shi a kayan zaƙi da abincin daskarewa don kada su bushe ko ɗanɗanonsu ya sauya, da man shafawa, da maganin ɗigawa na bushewar ido. Yana kuma cikin wasu alluran sankara, irin su Herceptin da Avastin, inda yake hana furotin ɗin maganin lalacewa a kwalba.